Wa Zai Kai Ƙara? Tarihin Masu Shiga Tsakanin Hukuma da Waɗanda Ake Ƙyama

Ku duba sunayen da Bahaushe ya raɗa wa masu tsaron doka. Akwai dogari, na sarki. Akwai ɗan doka, na zamanin En'e a Najeriya. Akwai ɗan sanda, wanda aka sa wa suna da abin da ke hannunsa, kuma kowa ya san ba don ado ake riƙon sanda ba. Mu nan Nijar mun ƙara da gardi da jandarma da polis, duka aro daga Faransanci. Cikin sunayen nan kaf babu wanda ke nufin mutumin da ake kai wa kuka.

Alhali aikin ba ya tafiya sai da kunne. Mu mutanen yankin Gidan Rumji mun san haka, tun da ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019, har aka zaunar da wasunsu a Cadakori. Kullum ana kira ta rediyo cewa jama'a su riƙa ba jami'an tsaro labari. Kira ne mai kyau. To amma in mai labarin mutum ne wanda da zarar ya taka komisariya shi za a fara tuhuma, wa zai kai labarin? Tambayar da na bi ke nan cikin tarihi, kuma na zaɓi mutanen da suka fi kowa wuyar ambato a bainar jama'a wurinmu: ƴan daudu, da maza masu neman maza, da mata masu neman mata.

Na san wani ya riga ya ɗaure fuska. Ka yi haƙuri ka karanta. Hukuncin addini kan wannan aiki sananne ne, malamai sun faɗe shi, ni kuma ɗalibin ilimin harshe ne, fatawa ba fannina ba ce. Abin da ke gabana shi ne mutumin da aka yi wa fashi, ko aka daka, ko aka kashe, da yadda labarinsa ke isa ko ya kasa isa kunnen hukuma.

Bari mu fara da Ingila, don can ne aka mayar da shiga tsakanin nan kwamiti mai suna da kujeru.

Sai a 1967 dokar Ingila ta daina hukunta maza biyu baligai kan abin da suka yi cikin ɗaki, shi ma da sharuɗɗa. Kamen bai tsaya ba. Ƴan sanda sun ci gaba da yin kwanton ɓauna a makewayin jama'a da wuraren shan iska, har ya sa a 1982 wasu suka kafa ƙungiyar Galop a Landan, aikinta na farko shi ne sa ido kan ƴan sandan da kansu. Wato zaman doya da manja ake yi.

Kuɗin wannan zama ya fito fili a 1993. Tsakanin Maris da Yuni na shekarar wani mutum mai suna Colin Ireland ya kashe maza biyar. Dukansu a mashaya ɗaya ya same su, Coleherne, cikin unguwar Earl's Court. Mashaya ɗaya fa. Amma an daɗe ba a gane cewa hannu ɗaya ne ba, sai da shi makashin ya dinga buga wa ƴan sanda waya yana yi musu gori. Waɗanda suka san mamatan, suka san wa ke shiga wa ke fita a wurin, da yawansu sun yi gum. Dalili kuwa, cikin watan Maris ɗin nan kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da hukunci kan wasu maza saboda abin da suka yi da yardar junansu, kowa kuma yana tsoron ya je ba da shaida ya koma wanda ake tuhuma. Makashin ya ci ribar wannan shiru.

A shekarar dai, cikin Afrilu, wasu samari farar fata suka daɓa wa wani yaro baƙar fata ɗan shekara 18, Stephen Lawrence, wuƙa yana jiran bas. Binciken ya lalace, iyayensa suka ƙi haƙura, har gwamnati ta naɗa tsohon alƙali William Macpherson ya duba. Rahotonsa ya fito a Fabrairu 1999 da shawarwari 70, ya ce wariyar launin fata ta zama jinin jikin hukumar ƴan sandan Landan, ta wuce a ce halin mutum ɗaya ko biyu ne. Daga nan aka fara kafa kwamitocin shawara na mutanen gari, waɗanda ba ma'aikatan hukuma ba, su zauna da manyan ƴan sanda su gaya musu gaskiya ido da ido.

Wata biyu bayan rahoton, wani matashi ɗan shekara 22, David Copeland, mai aƙidar ƴan Nazi, ya dasa bam cike da ƙusoshi har sau uku cikin mako biyu. Ranar 17 ga Afrilu a Brixton, unguwar baƙar fata. Ranar 24 a Brick Lane, wurin ƴan asalin Bangaladash, galibinsu Musulmi. Ranar 30 a mashayar Admiral Duncan da ke Soho, matattarar masu neman jinsinsu. A can mutum uku suka mutu, cikinsu har da wata mata mai juna biyu da ta shigo tare da mijinta da abokansu, gommai suka jikkata. Ku lura da jerin nan da kyau: baƙi, Musulmi, sannan su. A idon mai bam ɗin duk kwando ɗaya ne. Bayan wannan hari ne aka kafa kwamitin shawara na al'ummar LGBT ga ƴan sandan Landan.

Mambobinsa ƴan sa kai ne. Dole in tsaya kan wannan kalma, don wurinmu da ka ce ɗan sa kai abin da ke zuwa a rai shi ne mutum da bindigar gargajiya da layu yana sintiri a dajin Zamfara. Waɗannan ba su da ko sanda. Ba su kama kowa, ba su da albashi, ba su ba ɗan sanda umarni. In wani babban lamari ya faru ana kiransu zaman da ake tsara bincike. Suna gaya wa masu bincike inda ya kamata a liƙa sanarwar neman shaidu da irin kalmomin da za a sa don kada shaidun su gudu. Suna bibiyar tsarin da ya ba mutum damar kai ƙara ta hannun wata ƙungiya ba sai ya taka ofishin ƴan sanda ba. A gefen hukuma kuma aka naɗa jami'an hulɗa a unguwanni. A 2007 kwamitin ya fitar da nazari kan kisan kai guda 10 na shekarun baya, har da na Colin Ireland, ya nuna yadda rashin sanin rayuwar mamatan da raina su suka gurgunta wasu binciken.

A ganina, kuma nan ne karatuna ya shigo, rabin aikin nan tafinta ne. Mutanen da ake farauta kullum suna ƙirƙiro harshen da zai ɓoye su. A Ingila akwai wani tsohon zaurance da ake kira Polari, wanda irin waɗannan maza suka yi amfani da shi zamanin da doka ke kama su. Shaida zai ce "abokina" yana nufin wani abu dabam, ɗan sanda ya rubuta "aboki" ya wuce. Uwa za ta ce ɗanta ba ya zuwa wuri kaza, kuma iyakar saninta ke nan. Wanda ya san harsunan biyu shi kaɗai zai ji abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye. Amurka ma ta gwada tun kafin Ingila: a 1962 ƴan sandan San Francisco suka naɗa wani jami'i, Elliott Blackstone, ya zama ƙofarsu ga wannan al'umma, a 2000 kuma birnin Washington ya kafa sashe guda don haka.

Kada a ɗauka labarin ya ƙare da tafi. Tsakanin Yuni 2014 da Satumba 2015 wani mai suna Stephen Port ya kashe samari huɗu a Barking, gabashin Landan, ta hanyar ɗura musu ƙwaya fiye da kima. Gawar farko a ƙofar gidan da yake zaune aka tsince ta. Sauran ukun a ciki ko gefen maƙabartar wata coci da ke kusa, biyu daga ciki ma mace ɗaya ce mai yawo da karenta ta gan su, tsakanin mako uku. Wani abokin ɗaya daga cikin mamatan ya yi ta magana, Galop da jaridar PinkNews suka tambaya, aka ce musu babu alaƙa. Sai da ƴan uwa mata na yaro na huɗu suka zauna suka yi binciken da kansu, suka matsa aka fitar da hoton kamara, sannan aka kama shi. An yi masa ɗaurin rai da rai a Nuwamba 2016. A Disamba 2021 kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce sakacin ƴan sanda mai yiwuwa ya taimaka wajen mutuwar uku daga cikin huɗun, a Maris 2023 kuma rahoton Louise Casey ya ce ƙyamar masu neman jinsinsu na nan daram cikin hukumar. Duk wannan ya faru kwamitin yana nan, ya shekara 15 da kafuwa. Shawara dai shawara ce, wanda aka ba yana iya sa ta cikin durowa.

To mu dawo gida. Mai karatu zai ce wannan duk al'adar Turawa ce, mu ba mu san ta ba. Kwamiti mai sakatare da takardar zama, i, ba mu san shi ba. Amma muƙamin mai shiga tsakanin fada da mutanen gefe, wallahi mun riga su.

Lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri, sun taho da sarautun mata. A Maraɗi akwai Iya, a Gobir akwai Inna. Mace ce daga gidan sarauta, sarki ke naɗa ta, ita ce shugabar ƴan bori. Masanin nan M. G. Smith, da ya yi rubutu kan Maraɗi ta zamanin Ɗan Baskore, 1854 zuwa 1875, ya nuna Iya ce ke riƙe da al'amarin bori da na mata masu zaman kansu, tana kuma da rabonta a kasuwa. Ƙasa da ita, a gari da gari, akwai magajiya, shugabar karuwai. In rigima ta tashi a gidan mata, magajiya ke fara sasantawa. In hukuma na neman wani da ya ɓuya can, ita ake tambaya. In baƙuwa ta sauka, wurinta za ta fara gaisuwa. Zamanin jam'iyyu ma, a Nijar da Najeriya duka, ƴan siyasa sun bi ta hannun magajiyoyi wajen tara mata.

Ina ƴan daudu a nan? Ai gidan mata da dandalin bori da tasha su ne duniyarsu. Su ke dafa abincin sayarwa a bakin tasha da kasuwa, su ke kai saƙo tsakanin karuwa da mai nemanta, su ke rawa a biki. Sunan kansa ana danganta shi da Daudu, wato Ɗan Galadima, cikin iskokin bori. Wani masanin harshe ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Ya bayyana yadda suke magana da lamirin mace, "ke" da "ta", yadda suka gwanance da habaici da karin magana, yadda babba ke zama "uwa" ga ƙarami, da zaurancen da ake kira yaren harka. Kalmomin suna cikin littafin. Ba zan jera su nan ba, don takardar fotokofi ba a san hannun da za ta faɗa ba.

Abu ɗaya daga aikin nasa ya kamata mu riƙe: ɗan daudu da abin da Turawa ke nufi da haruffan LGBT ba su zama ɗaya ba. Daudanci a fili magana ce ta sana'a da salon magana da tafiya. Da yawansu suna da mata da ƴaƴa, suna salla, sun je Makka. Akwai kuma masu neman maza da ba su taɓa riƙe ludayi ba, ba kuma mai gane su. Ita kuwa kalmar luwaɗi daga sunan mutanen Annabi Luɗu aka samo ta, da ka furta ta ka riga ka yanke hukunci. Shi ya sa muhawarar ke yi mana wuya: kalmar da muke da ita ko ta zagi ce, ko ta shari'a, ko ta aro.

Ba na cewa zamanin Iya aljanna ne. Sarautar nan ta karɓar haraji ce da riƙon linzami, fada na cin moriyarta, kuma ba wanda ya ce ya yarda da halin mutanen da ke ƙarƙashinta. Malamai sun yi ta suka tun daga zamanin Shehu. Amma tsarin ya amsa tambayar da na fara da ita. Wanda ke zaune gidan mata, mace ce ko ɗan daudu, in an zalunce shi yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, mai ƙofar kuma tana da hanyar zuwa fada. Hukuma ta san inda suke, su ma sun san inda hukuma take. Ana ƙyamarsu, ana yi musu dariya, ana kuma sayen tuwonsu.

Wannan ƙofa an rufe ta ne a idon iyayenmu. A Oktoba 1999 gwamnan Zamfara, Ahmed Sani Yarima, ya ƙaddamar da shari'a, ta fara aiki a Janairu 2000, jihohin arewa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe mashaya da gidajen mata, a Kano aka yi dokar kafa hukumar Hisba a 2003. Mata da yawa suka tsallako iyaka zuwa Maraɗi da ƙauyukan bakin iyaka, abin da ya ƙara tunzura masu wa'azi a wannan gefe. A Nuwamba 2000, lokacin da Alphadi ya shirya bikin nuna tufafi na FIMA karo na biyu kusa da Yamai, zanga-zanga ta ɓarke a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi an far wa mashaya, da rumfunan caca, da gidajen mata marasa aure, da wuraren Kiristoci. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a garin, ta rubuta yadda abin ya gudana, kuma cikin wuraren da aka cinna wa wuta har da gidan Iya. Ni a wurina wannan ya fi sauran nauyi. Sarauta ce da ta girmi zuwan Faransawa, aka ƙone ta rana tsaka saboda mutanen da take wakilta.

Sai doka ta zo ta sa kwaɗo. A Janairu 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya. Kowa ya ji shekara 14 ɗin da aka yanka wa masu auren. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekara 10 ga duk wanda ya kafa, ko ya shiga, ko ya tallafa wa ƙungiya ko taron irin waɗannan mutane. A yadda na karanta ta, kwamiti irin na Landan laifi ne a Najeriya tun kafin ya yi zaman farko, alhali rundunar ƴan sandan ƙasar tana da kwamitin hulɗa da jama'a tun 1984, wanda ke zama da ƴan kasuwa da masu unguwanni da kowa. Cikin watan da aka sa hannu, jama'a suka yi ruwan duwatsu a wata kotun shari'a a Bauci inda ake sauraron ƙarar wasu maza. A Fabrairu wasu gungu suka bi gida gida a unguwar Gishiri ta Abuja suna fiddo mutane suna duka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2016 cike da labaran ƙwace da tatsar kuɗi da suka biyo bayan dokar.

Har sabuwar kalma aka samu. A Najeriya ana cewa "kito": a yaudari mutum ta waya ko intanet, ya zo, a rufe shi a ɗaki, a daka shi, a ɗauki bidiyo, a kwashe abin da ke asusunsa, a kira danginsa a nemi ƙari. Wannan fashi ne da garkuwa da mutum, ko a wace doka, ko a wane littafin fiƙihu. Masu yin sa sun zaɓi wanda suka tabbata ba zai kai ƙara ba. Kuma gungun da ya koyi ɗaure mutum ya karɓi kuɗin fansa bai taɓa tsayawa kan irin mutum ɗaya ba, mu da ke bakin iyaka ba sai an yi mana bayani ba.

A Nijar kundin hukunci da muka gada daga Faransa ya daɗe bai ambaci abin da baligai biyu suka yi a ɓoye ba, sai in da wanda bai kai shekara 21 ba a ciki. A farkon 2023 shugaba Bazoum ya faɗa cewa sabon kundin da ake shiryawa zai hukunta shi, Mali kuma ta yi nata a 2024. Amma a ƙauye irin namu ko da can ba kundi ke aiki ba. Magana tana farawa wurin mai gari, ta je wurin sarki, in ta gagara sannan jandarma. Kowane mataki cikin ukun nan a gaban mutanen da suka san ubanka da kakanka ake yin sa. Wanda aka ƙwace wa waya da kuɗin cinikin tuwo ta irin wannan tarko, lissafinsa gajere ne: in ya yi shiru ya rasa waya, in ya yi magana ya rasa gari.

Wuri ɗaya na ga hukuma a ƙasashenmu tana zama da su har yanzu, shi ne fannin lafiya. Shirye-shiryen yaƙi da sida suna da rukunin mutanen da aka fi son a kai gare su, kuma cikin takardun Faransanci akwai haruffa uku, HSH, ma'ana maza masu saduwa da maza. Kalma ce da aka ƙera da gangan don ta faɗi aiki ba tare da zagi ko yabo ba. Ma'aikatan lafiya sun gane da wuri cewa ba za su iya isa wurin mutanen da kansu ba, sai suka riƙa ɗaukar wasu daga cikinsu, a horar da su, su kai gwaji da magani da bayani ga ƴan uwansu, su dawo da rahoto. Dalilin likita shi ne cutar ba ta tsayawa inda aka ƙyamace ta, tana bin mai gida har ɗakin matarsa.